Aka Ce A Rufe

Shafi na 23

Masu cika mini akwatin saƙo da "wai Auta ba za ta shiga ɗakin nan ba ne?", ku sassauta mini, yatsu biyu nake rubutun nan da su. Ga ta nan a bakin ƙofa.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna aka kira lamba goma sha ɗaya. Auta ce ta sha huɗu.

An jera su a kan dogon benci a barandar makarantar koyon aikin likita, kowa da fayil a cinya, bakin kowa na motsi kamar mai lazimi. Tambaya ɗaya ce ta hana su sakat, don duk wanda ya fito daga ɗakin intabiyun sai ya raɗa wa na kusa da ƙofa cewa Farfesa ba ya sallamar mutum sai ya tambaye shi rauninsa. Yarinyar da ke damanta ta haddace cewa ita matsalarta ta cika son aiki. Saurayin da ke hagunta kuwa wai ba ya iya runtsawa in bai kammala abin da ya fara ba. Auta ta bi bencin da kallo daga farko har ƙarshe. Babu malalaci, babu maƙaryaci, babu mai tsoron jini. Waliyyai zalla aka tara yau.

Ita ma da tata haddar. Anti Likita ce ta ɗora mata ita a mota suna hanya, har sau uku.

Anti Likita ba jininsu ba ce, amma a gidansu ta fi wasu dangin daraja. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye take zuwa duba shi duk ƙarshen mako da magani a jaka, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Ita ta saya wa Auta littattafai, ita ta rubuta mata takardar shaidar hali da ke cikin fayil ɗin nan, ita kuma ta kawo ta yau ta ce za ta jira a mota ƙarƙashin bishiya. Kafin Auta ta fita sai da ta riƙo hannunta ta ƙara jaddada mata: ta ce rauninta jin nauyin neman taimako ne amma tana koyon gyarawa, kada ta ƙara ko wasali. Duk abin da mutumin nan ya faɗa ta haɗiye. Sunan kakanta na wajen uwa ne a takardunta, ba yadda za a yi ya gane 'yar wa ce.

Auta ta ce to. Dama shirinta ke nan.

Shekara tara tana dakon wannan rana. Tana 'yar shekara goma Baba ya dawo gida da rana tsaka, ba lokacin tashinsa ba, farar rigarsa a ninke a hammata, takarda a hannu. Nas ne a ɗakin tiyata. Shekara ashirin da biyu yana miƙa wa likitoci kayan aiki, yana ƙirga ƙyallayen tsane jini kafin a buɗe mutum, ya sake ƙirgawa kafin a ɗinke shi. Sai ga shi an bar ƙyalle ɗaya a cikin wata mata, ya ruɓe, ta rasu bayan mako biyu. Aka ce Baba ne ya kasa ƙirga. Aka kore shi, aka ƙwace lasisinsa, kuma sa hannun Farfesa ne a ƙasan takardar.

Sau biyu ko uku kacal ta ji Baba ya yi zancen, kullum da kalmomi iri ɗaya:

"Na ce saura ɗaya, aka ce a rufe."

Hawan jini ya kama shi. Bayan shekara biyu ya faɗi a banɗaki, har harshen ya karye.

Shi ya sa ta ƙudura za ta shiga makarantar nan shiru. Ta zauna a ajin Farfesa shekara shida tana masa "ranka ya daɗe", ta kwashe duk abin da ke kansa, ta gano inda ake ajiye tsofaffin fayiloli. Sannan ta nuna masa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

"Lamba sha huɗu."

Ɗakin da sanyi kamar cikin firji. Dogon teburi, kujera ɗaya tilo a gabansa, mutum uku a bayansa. A dama wata likitar yara ce mai tabarau, ba fara'a ba ɗaure fuska. A hagu magatakardan makaranta, da tulin takardu a gabansa. A tsakiya kuma shi.

Ya tsufa fiye da hotonsa da ta yanko daga jarida. Furfura ta cinye kan, amma yatsun na nan dogaye masu tsabta, suna juya wani alƙalami mai ruwan zinariya. Ta gaishe su har da rusunawa. Ya amsa bai ɗago ba.

Tambayoyin farko ta sha su kamar ruwa. Mai tabarau ta tambaye ta dalilin da ya sa take son aikin, ta ba ta labarin jinyar mahaifinta, yadda ta iya juya shi a gado da awon jininsa, ba tare da ta faɗi sana'arsa ba. Magatakarda ya yaba makinta. Aka tambaye ta abin da za ta yi in majinyaci ya ƙi shan magani, ta amsa, mai tabarau ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu mai tsawo.

Sai Farfesa ya ajiye alƙalaminsa ya jingina.

"To, 'yata. Mene ne rauninki?"

Ta zuba masa haddar Anti tiryan-tiryan. Jin nauyin neman taimako, amma tana koyon gyarawa. Ko wasali ba ta ƙara ba.

Ya yi murmushi ya dubi magatakarda. Ya ce ita ce ta huɗu yau da ke jin nauyin neman taimako, da alama malami ɗaya ya koyar da su. Sannan ya gyara zama irin na wanda ya zo wurin da ya fi so a cikin aikinsa.

"Bari in gaya miki abin da ake kira rauni. Na taɓa aiki da wani nas. Dattijo mai ladabi, kullum rigarsa a goge, takalminsa kamar madubi. Sai dai Allah bai hore masa ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba."

Ya ɗaga yatsunsa yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai, yana motsa leɓe. Kwaikwayo ne, kuma ya iya. Haka Baba ke karkata kai in yana ƙirga.

"Ya kashe matar mutane. Amma ba wannan ne raunin ba, kowa na kuskure. Raunin shi ne har aka raka shi ƙofar asibiti yana rantsuwa shi bai yi ba."

Magatakarda ya riga shi dariya. Tun kafin a kai ƙarshen zancen kafaɗunsa ke rawa, dariyar wanda ya san inda labari zai sauka.

Wannan dariyar ce ta karya mata shiri.

Ashe ba yau aka fara ba. Ashe duk shekara, ga kowane yaro da ya zauna a kujerar nan, sai an ɗauko Baba an yi masa tsirara an mayar. Yara nawa ke nan a shekara tara? Wasunsu yanzu likitoci ne, suna can suna ba wa na ƙasa da su labarin nas ɗin da bai iya ƙirga ba. Ita tana gida tana goge masa yawu a gefen baki, nan kuma da shi ake shan shayi.

Ta ji muryar Anti a kunnenta tana cewa ta haɗiye. Ta gwada. Abin ya ƙi wucewa.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a sake yi mini tambayar. Waccan amsar ba tawa ba ce, hadda ce."

Magatakarda ya dubi agogo. Mai tabarau ce ta ce, "Muna jin ki."

Auta ta ɗora hannayenta biyu a kan fayil. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Raunina riƙo ne. Ba na mantuwa, kuma ban iya yafiya ba."

Ta ci gaba. Muryarta ba ta hau ba, ƙasa ma ta ƙara yi. Ta gaya musu ta san ba halin kirki ba ne, ba kuma irin raunin da ake juyawa ya koma yabo ba ne. Ya hana ta ƙawaye, ya hana ta wasa tun tana ƙarama. Makin nan da magatakarda ya yaba, ba son karatu ne ya kawo shi ba, ƙiyayya ce take tashe ta da asuba ta zaunar da ita a gaban littafi. Ta ce ta karanta cewa likita ba ya zaɓen wanda zai ceta.

"Ni kuma in aka kwantar mini da wanda na tsana a kan gadon tiyata, ban san abin da hannuna zai yi ba. Abin da ke ba ni tsoro game da kaina ke nan."

Mai tabarau ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

"Akwai wanda kika tsana har haka?"

"Mutum ɗaya ne. Yana ɗakin nan."

Magatakarda ya ajiye bironsa a hankali kamar mai gudun kada ya fashe.

Ta juya ta dubi Farfesa ido cikin ido, karo na farko tun shigowarta.

"Nas ɗin nan har gobe ana goge masa takalminsa. Ni nake gogewa, duk da shekara bakwai ke nan bai taka ƙasa da shi ba. Kuma ya iya ƙirga, ranka ya daɗe. Har yau da hannunsa mai lafiya yake ƙirge a kan zanin gado. In ya kai sha tara sai ya tsaya ya zuba wa ƙofa ido. Babana ne."

Shekara tara tana zana wannan lokaci a ranta. A wani zanen ya miƙe yana zage-zage a fitar da ita. A wani ya durƙushe yana zufa. Babu zanen da ya yi abin da ya yi yanzu: ya miƙa hannu ya jawo kwafin fayil ɗinta daga gaban magatakarda, ya lashi yatsa, ya shiga buɗawa shafi bayan shafi. A wata takarda ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasan takardar. Sai ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

"Me mahaifinki ya gaya miki? Kalma da kalma nake so."

"Ya ce saura ɗaya, ka ce a rufe."

"Haka ya faɗa? Ni na ce?"

Ta buɗe baki za ta ce e, sai harshenta ya tsaya. Ta laluba a ƙwaƙwalwarta. Ranar da ya dawo da takarda. Ranar da kawunta ya zo jaje. Ranar da ta tsare shi da tambaya tana wanke masa ƙafa. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa "ya ce" ba.

"Aka ce," ta faɗa, da ƙyar muryar ta fito.

"Yawwa. Aka ce. Ke kika ɗauki fuskata kika liƙa a wurin."

Ya ba su labarin kamar mai karanta rahoton yanayi. Shi ya buɗe matar, shi ya cire ƙarin da ke cikinta, aikin ya yi kyau. Ana cikin haka aka aiko cewa manyan baƙi sun iso ofishinsa. Ya cire safar hannu ya bar wa ɗalibarsa ɗinki, tunda ɗinki ba wani abu ba ne. Lokacin da nas ɗin ya yi maganar ƙyalle, shi yana hawa na uku yana gaisawa da mutane.

Mai tabarau ta juyo da kujerarta gaba ɗaya wajensa.

"Farfesa, kana nufin ka san nas ɗin ya yi magana?"

"Na ji daga baya."

"Kuma ka sa hannu aka kore shi?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ta yi shekaru a aikin nan, kada ta yi kamar baƙuwa. In an rasa nas yau, gobe da safe goma na layi a bakin ofis. Likita kuwa shekara goma ake yi ana gina shi. Dole wani ya ɗauki kayan, shi kuma aka bai wa zaɓi, ya zaɓa. Ya ce da za a mayar da shi ranar, abin da zai sake yi ke nan.

Auta ta ji kamar ta tsallake teburin. Yadda bai ko ji kunya ba ya fi korar ciwo. Mai tabarau ta kau da kai daga gare shi. Ta mayar da tabaranta, ta jawo farar takarda, ta rubuta kwanan wata a sama, ta gaya wa magatakarda cewa duk abin da kunnensa ya ji yanzu zai sa hannu a kai, ko ya so ko bai so ba. Dariyar magatakarda ta daɗe da bushewa.

Farfesa bai ko kalle su ba. Auta yake kallo, kuma a idonsa ta ga mugunta irin ta wanda ruwa zai ci amma ya rantse ba zai tafi shi kaɗai ba.

"Kin ce ba kya yafiya. Madalla. To kada ki yi rabin aiki, 'yata."

Ya zare takardar da ya tsaya a kanta ɗazu, ya juya ta, ya turo ta kan teburi har gabanta. Takardar shaidar halinta ce. Ya ɗora dogon yatsansa a kan sa hannun da ke ƙasa, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

"Je ki tambayi wadda ta rubuta miki wannan, wa ke riƙe da allura a ranar."

Ba ta san yadda ta miƙe ba. Ta dai ji mai tabarau na ce mata sakamako zai fito ranar Litinin, kuma ba mutum ɗaya ke ba da maki a teburin nan ba. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi sallama ba. A baranda yarinyar nan mai son aiki ta tare ta tana tambayar ko an yi tambayar raunin, kuma me ta ce. Auta ta wuce ta kamar bango.

Tana sauka matakala abubuwa na faɗo mata a kai ɗaya bayan ɗaya. Yadda Baba ke juya fuska ga bango duk ranar da Anti ta shigo, su kuma suna cewa kunya ce irin ta mutanen da. Yadda yake datse baki in ita ce ta miƙo maganin, sai Auta ta karɓa ta ba shi. Yadda Anti ta hana ta mayar da sunan Baba a takardunta lokacin da ta so yi. Yadda ta yi ta ƙoƙarin karkatar da ita zuwa wata makarantar, har sai da ta ga ba ta da niyyar sauyawa. Shekara bakwai Anti na cin abinci a kwanonsu, tana kiran Baba "Babanmu". Shekara bakwai Auta na zuba mata sirrin cikinta, har da abin da ta shirya wa Farfesa, ita kuma tana shafa mata kai tana cewa ta bi a hankali.

Kura da fatar akuya, kuma ita da hannunta take buɗe mata ƙofa.

A ƙasan matakala ta tsaya. Ta goge fuskarta tas da gefen mayafi. Ta ciro wayarta ta taɓa abin da za ta taɓa, sannan ta nufi bishiyar.

Motar na kunne, sanyi na tashi a ciki. Anti Likita ta kwantar da kujera tana duba waya, ga robar ruwa mai sanyi ta saya mata ta ajiye. Tana hango ta ta tashi zaune da fara'arta ta kullum, ta miƙa hannu ta buɗe mata ƙofa daga ciki.

"'Yar gidan Anti. Ya aka yi? Kin faɗa masa yadda na koya miki?"

Auta ta zauna ta ja ƙofa ta rufe. Ta miƙa hannu ta murɗe makullin, ta zare shi, ta dunƙule a tafinta. Injin ya mutu. Motar ta yi tsit.

"Lafiya, Auta?"

"Na faɗa masa. Ya ce ni ce ta huɗu. Sai na faɗa masa na gaskiyar, shi ma ya faɗa mini nasa."

Fara'ar ba ta gudu lokaci ɗaya ba. A hankali ta riƙa zamewa, har ya rage leɓe kawai ke riƙe da ita.

"Anti, ranar da Baba ya ce saura ɗaya, wa ya ce a rufe?"

Anti ba ta tambayi wace rana ba. Ba ta ce ƙarya ne ba. Hannayenta biyu ta ɗora a kan sitiyari ta ƙanƙame, idonta a kan gilashin gaba. Can ta ce, da wata murya da Auta ba ta taɓa ji daga bakinta ba, ta ba ta makullin su je gida, a gaban Babanta za ta yi bayani.

"Baba ya gama jin muryarki."

Auta ta ɗora wayar a gaban motar, tsakaninsu. Jan ɗigon naɗar murya na ƙiftawa, daƙiƙoƙi na tafiya.

"Ki ɗaga murya yadda zai ɗauka. Ki fara da cikakken sunanki, Anti."